Muhawara: A fitar da talabijin daga gida ne ko a rage kallo kawai?

Maman Tagwaye:
Salama 'yan'uwa. Ina da wata magana da ta hana ni sukuni kwanan nan, don Allah ku ba ni shawara. Maigidana ya dawo daga taron addu'a na maza ya ce shi fa ya yanke shawara za a cire talabijin daga falo, ba ragewa ba, cirewa gaba ɗaya, a sayar ko a ba wani. Dalilinsa wai sujadar iyali ta mutu a gidanmu, kuma ban musa ba gaskiya ne, da an gama cin abincin dare kowa sai ya nemi wurin zama gaban tibi, kafin a ce a buɗe Littafi Mai Tsarki yara sun fara gyangyaɗi, mu manyan ma addu'ar a gurguje muke yinta kamar ana korar mu. Amma fa ni ce nake wuni da yaran nan ba shi ba, kartun ɗin nan shi ke riƙe min su in samu in yi wanki in yi shara in ɗan numfasa. Akwai wanda ya taɓa cirewa a cikinku? Yaya kuka ƙare da yara?

Baban Uku:
Mu mun cire, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa in dawo da shi ba. Abin da ya tunzura ni, wata rana na ce wa ƙaramarmu ta faɗo ayar haddar da aka ba su a makarantar Lahadi, ta tsaya tana sosa kai, can an jima ina jinta a bayan ɗaki tana rera waƙar wata talla tun daga farko har ƙarshe babu tuntuɓe ko ɗaya, har da yadda mai tallar ke jan murya. Na ce to ashe ba ƙwaƙwalwar ba ce matsala, abin da ake zuba mata ne kullum. Da farko an sha kuka da kumbure-kumbure, ba zan ɓoye miki ba 'yar'uwa, gidan ya yi tsit har ni kaina sai in ga hannuna yana laluben rimot a kan kujera. Daga baya suka saba. Dawuda ya ce a Zabura 101:3 ba zai sa abin banza a gaban idanunsa ba, ni a nan na tsaya.

Mai Son Ƙwallo:
Baban Uku tsakani da Allah ina kake kallon Firimiya yanzu? Hhhh ka faɗa mana gaskiya

Baban Uku:
A waya nake duba sakamako, wani lokaci in kalli ƙwallayen da aka ci. Ba na zaman minti 90 kuma.

Mai Son Ƙwallo:
To ai ka gani! Yara an hana su nasu, baba kuma nasa tibin yana cikin aljihu.

Ɗan Kwaya:
Bari in yi magana a matsayin wanda aka rena a irin wannan gidan. Babanmu bai taɓa yarda tibi ya shigo mana gida ba, kuma mutum ne mai tsoron Allah na gaske, ba na zarginsa da komai. Amma sakamakon shi ne mun zama 'yan leƙen tagar maƙwabta. Na san daidai inda labulen falon maƙwabcinmu yake da tsaga, in ka tsaya a kan bulo kana iya ganin rabin fim. Kuma abubuwan da muka kalla a gidajen mutane, da a falonmu ne babu yadda za a yi mamanmu ta bari su wuce minti ɗaya. Ga ƙarya da muka koya, a ce ina ka je ka ce wajen gwajin waƙa. Don haka Mama, in za ku cire ku cire, amma ku san cewa yaro ba ya daina son abu don an ɗauke shi daga gabansa, wuri kawai yake canzawa, kuma a sabon wurin babu ku.

Dattijo:
Ɗana na ji ka, amma kada ka manta kai ne yau kake tsaye a kwaya kana yabon Ubangiji. Wata ƙila tarbiyyar da kake ganin ta yi tsauri ita ce ta riƙe ka. Yesu da kansa ya ce a Matiyu 5:29 in idonka na dama yana sa ka tuntuɓe ka ƙwaƙule shi ka yar. Bai ce a rage masa gani ba. Akwai abin da ba a lallaɓa shi.

Ɗan Kwaya:
Baba da girmanku, mu biyar ne a gidan, kuma ba dukanmu ke zuwa majami'a yau ba. Ba zan ce rashin tibi ne ya jawo ba, amma kuma ba zan iya cewa shi ne ya riƙe ni ba. Alherin Allah ne kawai.

Dattijo:
Wannan kam haka ne. Allah ya juyo da su.

Sista Nas:
Ni ta ɓangaren aikina zan sa baki. Maman Tagwaye ba ki faɗi shekarun yaran ba, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata a sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019: jariri da bai kai shekara 1 ba kada a ajiye shi gaban allo sam, ɗan shekara 1 ma ba a so, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in an yi ƙasa da haka ya fi. Ba wai hoton ne ke da guba ba, lokacin da yake cinyewa ne, lokacin guje-guje da barci da kuma hira da manya, don ta hira yaro ke koyon magana. Akwai kuma abin da iyaye ba sa lissafawa, tibin da ake bari a kunne ba mai kallo, yana ta surutu shi kaɗai tun safe. Za ki ce ai yaron wasansa yake yi bai damu ba, amma ki lura, kowane ɗan lokaci sai ya ɗaga kai ya duba, wasan ya katse, ke ma kuma maganar da za ki yi masa ta ragu ba ki sani ba. Ni da za a tambaye ni daga ina za a fara, sai in ce daga nan, in ba wanda ya zauna musamman don ya kalli wani abu to a kashe.

Maman Tagwaye:
Tagwayen shekararsu 4, yayansu 9. Kuma maganar barinsa a kunne, Sista kamar kin shigo gidana kin gani, tun ana shirin makaranta ake kunnawa.

Matar Fasto:
'Yata, ni ba tibin ne ya fi tsaya min a rai ba a cikin abin da kika rubuta. Kin ce maigida ya dawo ya ce ya yanke shawara. Da wa ya yi shawarar? Ba ina zuga ki ba ne, Allah ya sani, kuma niyyarsa mai kyau ce, mace nawa ke kuka a kan gwiwa don mijinta ya damu da sujadar iyali ma. Amma wanda zai cire abin da ke riƙe yara na awa biyu, dole ya faɗi wanda zai riƙe su a waɗannan awa biyun. In amsar ita ce ke, to shi ya yi alkawari ke kike biya. Ki same shi cikin natsuwa, ba a gaban yara ba, ki ce na yarda da kai, amma ƙarfe nawa za ka riƙa dawowa gida, wa zai karanta musu labari, wa zai duba aikin makarantar babban. In ya ɗauki rabonsa to ki ba shi goyon baya da zuciya ɗaya. Na ga gidajen da aka yi wannan abin da zafi-zafi bayan wani taron farkawa, maigida ya kinkimi tibi ya kai ɗakin ajiya yana waƙa, shi kuma bai fasa dawowa ƙarfe tara na dare ba, kafin a ankara matar ta miƙa wa yara wayarta don ta samu ta yi girki. An gudu ba a tsira ba kenan.

Mai Son Ƙwallo:
Mama kun gama magana. A rufe zaren kawai.

Baban Uku:
Kada a rufe tukuna. Mama maganarku gaskiya ce, amma ina jin tsoron yadda muke saurin samo dalilin da zai sa kada a yi komai. Kullum sai a ce a daidaita, a rage, a sa ido. Wa ya taɓa ragewa ya dore? Abubuwan nan fa da gangan aka ƙera su don kada ka tashi. Kashi ɗaya na fim yana ƙarewa na gaba ya fara da kansa kafin ka nemo rimot, YouTube ma haka. Shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, da bakinsa ya faɗa a 2017 cewa barci ne abokin gasarsu. Mutanen da suka ɗauki barcinka a matsayin kishiya, kana ganin za su bar maka lokacin addu'a? Kai kaɗai da ƙarfin halinka kake kokawa da kamfanoni masu dubban ma'aikata da aikinsu kenan su riƙe idonka. Ni na san ƙarfina, shi ya sa na fitar da shi.

Malamar Lahadi:
Baban Uku na yarda da rabin maganarka. Ina koyar da yara 'yan shekara 6 zuwa 10 kuma ina ganin bambanci ƙarara. Ba wai waɗanda ba su da tibi sun fi tsarki ba, a'a, wasunsu ma sun fi kowa ƙiriniya. Bambancin a wajen jurewa sauraro yake. Akwai yaron da in ka fara labarin Yusufu da 'yan'uwansa zai bi ka har Masar yana tambaya to sai me ya faru, akwai kuma wanda bayan minti uku ya fara juye-juye don babu hoto mai motsi, babu kiɗa, babu wanda ya faɗi aka yi dariya. Kuma in na bincika, yaran da ke iya sauraro ba lallai gidansu babu tibi ba, gidan da ake yi musu magana ne. Ku duba Maimaitawar Shari'a 6:7, an ce a koya wa 'ya'ya maganar Allah sa'ad da ake zaune a gida, da sa'ad da ake tafiya a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Lokuta huɗu kenan, kuma duka lokutan banza ne a idonmu, ba lokacin wa'azi ba. Su ne kuma daidai waɗanda allo ya ƙwace: zaman gida tibi, tafiya a mota waya, kwanciya waya, tashi waya. Saboda haka ni ba sujadar minti goma sha biyar ɗin nan ce ta fi damuna ba, ana iya kashe tibi a yi ta a sake kunnawa. Hirar da ba a shirya ba ita ce ta ɓace, wadda yaro zai jefo maka tambaya kana ninke kaya, ya ce Mama in mutum ya mutu yana jin yunwa?

Sabon Aure:
Ina bin zaren nan shiru don mu ba mu da yara tukuna, amma ni tambayata, tashoshin Kirista fa? Mu kusan su kaɗai muke kallo, wa'azi da waƙoƙi. Shi ma a daina?

Mai Karatu:
Tambaya mai kyau, kuma ikilisiya ta daɗe tana juya ta. Tun farkon zuwan talabijin masu bi suka shiga ciki. Bishop Fulton Sheen na Katolika yana da shiri a Amurka a shekarun 1950, shi da allo da alli kawai, miliyoyi na kallo har ya samu Emmy, kyautar da ake ba shirye-shiryen talabijin. Billy Graham ma an watsa taronsa na New York kai tsaye a 1957. Fafaroma Pius na 12 har waliyyiya ya naɗa wa talabijin a 1958, Klara ta Assisi, saboda labarin da ake bayarwa cewa da ciwo ya hana ta zuwa Mas, wato sujadar Katolika, ta ga ana yi a bangon ɗakinta. Wato waɗannan ba su ɗauki na'urar kanta a matsayin ta Shaiɗan ba. Amma a 1994 Fafaroma John Paul na 2 ya yi saƙo musamman a kan talabijin da iyali, ya gargaɗi iyayen da ke mai da shi mai reno cewa suna sakin aikinsu na masu tarbiyya na farko, ya kuma ce wani lokaci abin da ya dace kawai a kashe shi don akwai abin da ya fi shi a yi. A ɗaya gefen kuma akwai David Wilkerson, fasto ne a wani ƙaramin gari a Amurka, a 1958 ya sayar da tibinsa ya mai da awa biyun da yake kallo da tsakar dare lokacin addu'a, a cikin irin wannan addu'ar ya ji nauyin yaran daba na New York, daga nan aka samu hidimar Teen Challenge mai taimakon matasa 'yan daba da masu shaye-shaye. Abin lura a labarinsa, nasa kallon ya yanka ba na yaransa ba, kuma tun kafin ya sayar ya san abin da zai sa a gurbin.

Ɗan Kwaya:
Wannan na ƙarshen a ja masa layi.

Mai Karatu:
Game da tashoshin wa'azi kuma Sabon Aure, akwai wani malamin jami'a a Amurka, Neil Postman, da ya yi rubutu a 1985 yana cewa shi shirmen da ke talabijin bai dame shi ba, abin da ya dame shi shi ne yadda talabijin ke mai da manyan abubuwa nishaɗi, labarai da siyasa da addini. Ni ina ganin akwai gaskiya a ciki. Mai wa'azin tibi ya san rimot na hannunka, in ya faɗi abin da ya sosa maka rai za ka canza tasha, to me zai sa ya faɗa? Faston majami'arku ya san sunanka, ya san ba ka zo ba makon jiya, zai zo asibiti in ka kwanta. Na allo bai san kana duniya ba sai in lambar asusu ta fito a ƙasa.

Dattijo:
Ba dukansu ba ne haka, akwai bayin Allah na gaskiya a cikinsu. Amma na sha zuwa ziyara gidan mai bi, in tarar da wa'azi na tashi a falo da ƙarfi, maigida na danna waya, uwargida na kicin, ba mai ji. An mai da maganar Allah abin cika ɗaki da ƙara. Har sai na roƙa a rage murya kafin mu yi addu'a.

Uwar Marayu:
Ku yi haƙuri in shigo da nawa. Ina karanta ku duka ina jin kamar ana maganar wasu irin gidaje ne masu baba da mama da lokaci. Ni kaɗai ce da yara tun rasuwar babansu, ina fita da safe ba na dawowa sai magariba ta wuce. Tibi shi ke sa su zauna a ɗaki su kulle ƙofa maimakon yawo a unguwa. Na san ba shi ne mafi kyau ba, amma tsakanin kartun da titi na zaɓi kartun. Abin da ke min ciwo shi ne yadda wasu a ikilisiya ke faɗin mu ba mu da tibi a gidanmu da wata irin murya, kamar wata shaidar baftisma ce ta biyu. Rannan wata ta faɗa a gabana a taron mata, tana kallona ta gefen ido.

Matar Fasto:
Sannu 'yar'uwa, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Wadda ta yi miki haka ba ta kyauta ba. Romawa 14 a fili take, wane ne kai da za ka hukunta bawan wani. Kuma Bulus ya ja kunnen Kolosiyawa a sura 2 a kan dokokin kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana, ya ce suna da kamannin hikima amma ba sa hana sha'awar jiki. Wanda ya ga 'ya'yanki na wuni gaban allo kuma abin ya dame shi, ƙofar gidansa a buɗe take, ya ce su zo wajensa bayan makaranta. In ba zai iya ba ya kama bakinsa.

Baban Uku:
Ni dai ban ce wanda ke da tibi ba mai bi ba ne, kada a juya min magana. Uwar Marayu halinki daban ne kuma ina girmama ki. Amma Mama, Bulus ɗin nan dai shi ne ya ce a 1 Korintiyawa 6:12 an halatta masa komai amma ba zai bari wani abu ya mallake shi ba. Mu gwada kanmu mana. A ce yau babu kallo, a ga fuskokin mutanen gidan, a ga wa zai fara fushi. Sau da yawa ba yaran ba ne.

Mai Son Ƙwallo:
Ana jifa na a fakaice na ji hhh. To ni ma bari in yi maganar hankali sau ɗaya. Ɗana na fari yana shekarun da ba ya son magana da kowa, ka tambaye shi yaya makaranta ya ce lafiya, shi kenan an gama. Wuri ɗaya da yake sakin jiki da ni shi ne in muna kallon wasa. Ana hutun rabin lokaci sai ka ji ya fara ba ni labarin wani abokinsa da ya fara shaye-shaye, idonsa na kan allo ba ya kallona, kuma na gane don ba na kallonsa ne yake iya faɗa. In na cire tibi na zaunar da shi na ce to ɗana buɗe min zuciyarka, ko uffan ba zan samu ba. Saboda haka kada a raina kallon da ake yi tare. Wanda nake tsoro shi ne na kowa a ɗakinsa da abin kunne.

Malamar Lahadi:
Yau kam Mai Ƙwallo ka yi wa'azi. Shi ya sa ni nake ganin tibin falo ya fi waya sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba. Allo ɗaya ne, kowa na ganin abin da ake kallo, in wani abin kunya ya fito kowa zai tsargu a canza, kuma ana iya tsayawa a tambayi yaro, kai kana ganin abin da mutumin nan ya yi daidai ne? Wanda ya fitar da babban allon da yake iya gani ya bar ƙanana huɗu da ba ya iya gani, ban san me ya gyara ba.

Dattijo:
Kun tuna min da Matiyu 12, daga aya 43. Ƙazamin ruhu ya fita daga mutum, ya yi yawo bai sami wurin hutawa ba, ya dawo ya tarar da gidan an share an gyara amma babu kowa a ciki, sai ya je ya ɗebo wasu bakwai da suka fi shi mugunta. Ban janye maganata ta farko ba, har yanzu ina ganin gidan da zai iya cirewa ya cire. Amma kada a bar wurin fayau. Kuma ku iyaye maza, Afisawa 6:4 da ku take, kada ku tsokani 'ya'yanku su yi fushi. In ka ɗauke musu kartun ka zaunar da su sujadar awa guda kana ta dogon bayani, to ka koya musu cewa Littafi Mai Tsarki shi ne hukuncin da ya maye gurbin abin daɗi. Gajeren karatu, waƙa ɗaya da suke so, kowa ya yi addu'ar jimla biyu, a tashi tun suna marmari.

Maman Tagwaye:
Na gode ƙwarai, ina ta kwafe wasu maganganun in nuna masa. Amma in ba cirewa za a yi ba, a aikace yaya ake ragewar? Don mun taɓa cewa awa ɗaya kawai, bai kai ko'ina ba.

Sista Nas:
Awa ɗaya ba ta aiki don yaro ɗan shekara 4 bai san awa ba, kuma kullum tana cika ne a tsakiyar wani abu, sai rigima. Ki ƙirga da shiri, ba da agogo ba: za ku kalli wannan da wannan, in na biyun ya ƙare kai za ka danna ka kashe. Ba yaron rimot ya kashe da hannunsa yana rage kuka sosai. Ki shiga saitin ki kashe abin nan da ke sa na gaba ya fara da kansa, Netflix da YouTube duk suna da wurin kashewa. Kada a kunna da safe kafin makaranta, kada a kunna ana cin abinci, kuma a kashe kamar awa guda kafin barci. Ɗakin kwanan yara kuwa kada allo ya shiga ko wane iri ne.

Mai Karatu:
Wasu kuma rana suke warewa maimakon awa. Ƙasar Iceland gaba ɗayanta ba a watsa shirin talabijin ranar Alhamis har zuwa 1987, kuma mutane sun rayu. Rana guda a mako da kowa ya san babu, har baba, ta fi sauƙin riƙewa a kan ciniki da yara kowane dare. Masu kiyaye azumin kwana 40 kafin Ista ma da yawa suna haɗawa da ajiye kallo, ya zama gwaji mai iyaka, in Ista ta zo a zauna a duba me aka yi kewa da gaske me kuma aka manta da shi.

Baban Uku:
Duk wannan dabarun sai gidan da iyaye biyun suka tsaya a kan magana ɗaya. Ranar da mama ta gaji ko baba na son labarai, doka ta faɗi, kuma yara ba sa mantuwa, gobe za su ce ai jiya an bari.

Sista Nas:
To ai cirewar ma sai an tsaya a kan magana ɗaya Baban Uku, tunda wayarka na nan.

Sabon Aure:
Ni wata matsalar ce ma ta taso min yanzu da nake karantawa. Surukata za ta dawo wurinmu da zama, ta tsufa, ƙafa ba ta barinta fita sosai kuma idonta ba ya iya karatu yanzu, tibi shi ne abokin hirarta tun safe har dare, ta san duk masu karanta labarai kamar 'ya'yanta, har gaishe su take yi. In Allah ya ba mu haihuwa yaya za a yi da dokar kada jariri ya zauna gaban allo, alhali kakarsa ce za ta riƙa riƙe shi a falon?

Matar Fasto:
Kada ki soma kafa wa surukarki doka a kan tibi, ki rufa wa kanki asiri. In da hali a sa mata ƙarami a ɗakinta, na falo ya zauna a kashe. Ki samo mata Littafi Mai Tsarki na sauraro a waya ko rediyo, tsofaffi da yawa sun fi son sa in sun saba. Kuma ki bar mijinki ya yi mata maganar, uwarsa ce.

Sista Nas:
Kuma in jaririn ya zo ki lura da kyau, yawancin kakanni da an ɗora musu jika a cinya su da kansu ke mantawa da allon, suna ta yi masa surutu da waƙa. In ta juya shi yana fuskantarta ba tibin ba, aka kuma rage murya, ni ba zan tayar da hankalina a kai ba. Wata nawa ya rage ta taso?

Sabon Aure:
Ƙarshen wata mai zuwa in Allah ya yarda. Ɗakin ma ba mu gama gyarawa ba, kuma soket ɗaya ne a ciki.